ƘANZO A TEBURIN INJINIYA

Shafi na 17

Masu turo min saƙo cewa na yi nawa, na gani. Ku zauna ku karanta a natse, ban da tsallake layi sannan a dawo ana yi min tambaya.

Da rana tsaka Injiniya ta shigo gida, kafaɗarta babu jakar kwamfuta, don tun a ofis aka karɓe. Ba ta ɗaga murya wajen sallama ba. Ta tsaya a tsakar gida tana bin ƙofofi da kallo, kamar yau ta fara ganin su.

Maganar Oga, shugaban sashensu, ita ke ta kai da kawo a kunnenta.

"Gobe da safe za ki tsaya gaban kwamiti. Ko ki kawo wanda ya ɗauki hoton nan, ko su ce ke kika ɗauka kika sayar da mu. Ni ina tare da ke, amma bakina ba zai rinjayi nasu ba."

Hoton ba wani abu ba ne a ido. Farantin shinkafa da miya ne, an ajiye shi kusa da kwamfuta. Amma allon kwamfutar a kunne yake, kuma idan ka ja hoton ya ƙara girma, ga makullin sirrin kamfaninsu nan ɓaro-ɓaro, wato dogon layin haruffa da lambobi da ake buɗe rumbun bayanan abokan cinikinsu da shi. Wani ya karanta, ya shiga, ya kwashe abin da ya kwashe. Idan aka kore ta da wannan tabon, babu kamfanin da zai sake ba ta ko kujerar bakin ƙofa.

A Zauren Tukunya aka saka hoton. Zauren hira ne na waya, inda masu rubuta manhaja daga kamfanoni daban-daban ke taruwa suna tsokanar juna a kan girki, kowa da laƙabinsa, ba a ganin suna ba a ganin lamba. Suna da doka ɗaya: girkinka ba ya karɓuwa sai ka ɗauke shi kusa da kwamfutarka, don kada wani ya sato hoton abinci a intanet ya ce shi ya dafa. Duk ɗan sana'a ya san sai an rufe allo kafin a ɗauka. Wanda ya ɗauki wannan bai rufe ba.

Kuma wanda ya saka shi, Ƙanzo ne.

Ƙanzo, abokin faɗanta na zaure. Ita Ludayi ake ce mata a can. Ranar da wani aikinta ya kife, shi ya fara rubutowa: "Ludayi, kin ɗanɗana kafin ki sauke, ko haka kika zuba wa bayin Allah?" Ta ba shi amsa: "Wanda ko ruwan zafi ƙona shi yake yi, har yana da bakin magana?" Zaure ya kwashe da dariya. Bai taɓa maganar manhaja kai tsaye ba, komai sai ya mayar da shi tukunya da murhu, har aka ɗauka wani tsohon gwani ne mai magana a dunƙule. An daɗe ana masa gori cewa bai taɓa nuna girkinsa ba. Da ya tashi nunawa, sai ya nuna a kan teburinta, a ɗakinta, inda take aiki ranakun da ba ta shiga ofis ba, cikin farantin marigayiya Mama mai bakin shuɗi.

Daga ɗakin gefe keken ɗinkin Auta ke ƙara. Injiniya ta ɗaga labule ta shiga.

"Kashe keken nan."

Auta, ƙanwarta, ta ɗago da allura a baki. "Yaya, lafiya kika dawo yanzu? Ina jakarki?"

"Na ce ki kashe."

Keke ya yi shiru.

"Wa kike shigowa da shi gidan nan idan na tashi salla?"

"Ban gane ba."

"Za ki gane. Mai gyaran wayar nan da ke zuwa wajenki, ya taɓa wuce falo?"

"Haba Yaya. Mutumin da ko ruwa aka kawo masa sai ya nemi izini kafin ya sha?"

"Irin su ne ai. Masu ladabin ido."

"Me ya yi miki?"

Injiniya ta buɗe hoton a wayarta, ta sa mata a gaban fuska. Ba hoton take kallo ba, fuskar Auta take kallo. Ta kuwa ga abin da take nema. Idon Auta ya faɗa kan farantin, ya yi saurin kaucewa, hannunta ya hau gyara yadin da ba ya bukatar gyara.

"Kin san shi."

"Shinkafa ce kawai na gani."

"Shinkafar wa?"

"Ta gidan nan mana."

"Wa ya dafa?"

Auta ta ci gaba da gyara yadin.

"Ke ce mai girkin rana tun da Mama ta rasu. Kullum ina ce miki kin ƙona, kullum kina ba ni haƙuri. To ga shinkafarki a kan teburina, ga allona a buɗe, ga ni an dakatar da ni daga aiki. Ba ni wayarki."

"An dakatar da ke?"

"Wayarki, Auta."

Ta miƙa mata. Injiniya ta bincike ta ciki da bai. Hotunan riguna, saƙonnin masu ɗinki suna zagin an saɓa musu alkawari, hirar soyayya da mai gyaran waya wadda ta tsallake da sauri. Babu Zauren Tukunya, babu Ƙanzo.

"Kin goge."

"Wallahi ban goge komai ba."

"To ina ɗaya wayar? Shi ya ba ki wata? Nawa aka ce za a ba ku?"

Nan Auta ta miƙe tsaye, idonta ya ciko. "Yaya, ni kike cewa na sayar da ke? Ni da nake wanke miki kaya ba ki ma san na wanke ba?"

"Ba wanki na tambaye ki ba. A gidan nan mu uku ne. Ni ban ɗauka ba. Baba kuwa ko hasken wayarsa ya ɗauke sai ya kira ki. Wa ya rage?"

"Ni dai ba zan ce komai ba."

"Za ki ce a gaban kwamiti gobe. Da hannuna zan kai ki."

"Sake ta, Uwata."

Duk suka juya. Baba ne a bakin ƙofa, tsohon direban babbar mota wanda ya ajiye tuƙi tun da gwiwa ta ƙi. Ya naɗe hannun rigarsa har gwiwar hannu, tsumman kicin a kafaɗarsa, ƙamshin albasa na tashi daga jikinsa. Tunda Injiniya take a duniya ba ta taɓa ganin sa da tsumma a kafaɗa ba.

"Baba, ka bar ni da ita. Ba ka san abin da ta yi ba."

"Na sani. Rufa min asiri ta yi."

"Wane asiri?"

Ya share hannunsa a hankali, yatsa bayan yatsa.

"Ni ne Ƙanzo."

Injiniya ta yi 'yar dariyar da babu daɗi a cikinta. "Baba, kada ka ɗauki laifinta. Ka san ma mene ne Ƙanzo?"

"Wanda ko ruwan zafi ƙona shi yake yi," ya ce. "Haka kika ce min. Ranar na yi dariya har na ƙware."

Injiniya ta ja da baya. Ta zauna a kan tarin yadin mutane, Auta ba ta ce ta tashi ba.

Baba ya jawo kujerar roba ya zauna yana fuskantar ta.

"Tun da uwarku ta tafi, ke da ni sai ina kwana, sai an wuni lafiya. Ki shige ɗaki ki rufe ƙofa, in ji kina ƙyalƙyala dariya da waya. Na tambayi Auta, su waye waɗannan da suka iya sa 'yata dariya ni na kasa? Ta ce wani zaure ne. Na ce ta shigar da ni."

"Ni na buɗe masa," Auta ta ce ƙasa-ƙasa. "Ya sa na rantse."

"Ban san aikinku ba," Baba ya ci gaba. "Abin da na ji kina faɗa a waya ta bayan ƙofa, shi nake juyawa in mayar da shi girki. Sai in ga kin amsa. A rana ɗaya a zauren nan kina yi min maganar da ta fi ta wata guda a gida."

"Girkin rana fa?"

"Ni ne. Auta ɗinki ya yi mata yawa, ni kuma zaman ya ishe ni. Zagin ƙonawar dai ita take karɓa."

Yaran yanzu, ku ji da kyau. Uba yana ɗaki ɗaya da 'yarsa, sai ya sa wani suna ya bi ta cikin waya kafin ya samu ta kula shi. Wannan ba abin alfahari ba ne ga kowa.

Injiniya ta sunkuyar da kai. Kunya ta rufe ta, amma ƙasan kunyar wani abu na mintsinin ta. Aikinta ya koya mata cewa idan amsa ta zo da sauƙi, a sake dubawa.

"Baba, tsaya. Wa ya ce maka ka kai farantin teburina?"

"Dokar zaure ce. Ni ba ni da kwamfuta, na ari taki."

"Allon yana mutuwa da kansa idan na tashi. Wa ya nuna maka yadda ake tayar da shi?"

Baba ya gyara zama.

"Wani yaro ne mai kirki."

"Wane yaro?"

"Ɗan zauren ne. Mai Ɗanɗano. Shi ke koya min girkin ta gefe, mu biyu. Shi ya ce in daina buɗe tukunya kowane lokaci, in rage wuta idan ruwa ya tsotse. Yaro mai ladabi, Uwata. Har kira yake yi ya gaishe ni da gwiwa."

"Ya san kai waye?"

"Ni na faɗa masa. Ya yabi aikin Ludayi, ya ce duk zauren babu kamarta. Sai bakina ya kasa riƙewa, na ce ai 'yata ce."

Auta ta dafe kai. "Baba, ba ka gaya min wannan ba."

"Sai na gaya miki komai? Ke kika haife ni?"

Injiniya ta miƙa hannu. Wannan karon da ladabi, hannu biyu. Baba ya zaro wayar daga aljihu ya ba ta. Gilashin duk maiƙo, haruffan manya-manya kamar na allon talla. Ta buɗe hirarsu da Mai Ɗanɗano, ta ja sama.

Farko duk girki ne. Yadda ake yanka albasa ba hawaye. Kada a zuba gishiri gaba ɗaya. Baba ya tura hoton taliyar da ta caɓe, Mai Ɗanɗano ya ce ko shi da haka ya fara. Sai can ƙasa maganar ta soma sauya kama.

"Baba, 'yan zaure na yi maka dariya. Ka rufe musu baki da hoto ɗaya."

"Wannan bai yi ba, allon a mace yake, za su ce kwamfutar kanti ce. Ka taɓa kowane maɓalli zai yi haske."

"Kada ka saka tukuna. Ka riƙa turo min ina dubawa, ni zan gaya maka ranar da ta dace."

Ta ga hotuna a jere. Teburinta, kofin shayinta, allonta, ranar kaza da ranar kaza, kowanne da faranti a gefe. Duk lokacin tana kan sallaya a ɗakin Mama, bango ɗaya tsakaninsu. A ofis ko ruwa za ta je sha sai ta kulle allo. A gida ba ta taɓa kullewa ba. Wa za ta kulle wa?

Sai saƙon ranar da abin ya faru.

"Yau ce ranar, Baba. Kada ka ɗauka da safe, ka bari ta tashi sallar azahar. Ka matsa kusa, ka dangwala yatsa a kan rubutun don ya fito tar. Kada ka turo min, kai tsaye ka saka a zaure, kowa ya gani."

Ta sake karantawa. Yau ce ranar.

Makullin nan ba kullum ake ganin sa a allo ba. Ranar kaɗai aka ba ta aikin canza shi, da safe aka gaya mata, kafin la'asar ta gama. Ita kuwa aiki ya sha kanta, ko leƙa zaure ba ta yi ba. Waɗanda suka san an ba ta wannan aikin ba su cika yatsun hannu ɗaya ba, kuma dukansu 'yan sashensu ne.

"Baba," ta ce, "wannan ba girki yake koya maka ba. Hannunka ya ara."

"Kamar yaya?"

"Ya sa ka saka a zaure don kada a ce shi kaɗai ya gani. Mutum ɗari sun gani, wa za a kama?"

Baba ya kalli hannayensa. Hannun da ya riƙe sitiyari shekara da shekaru bai taɓa taka ko akuya ba, yau ga shi an are shi an cuci 'yarsa da shi.

"Ni na jawo miki?"

Zuciyarta na can tana zagaya teburan ofis. Dogo, mai zama kusa da ita, wanda tun da aka ɗaga ta sama da shi gaisuwarsa ta koma ta hanci. Ko sabuwar yarinyar nan mai yawan tambaya. Ko mai kula da na'urori, da kullum yake cewa albashinsa bai kai wahalarsa ba. Ta fi tsayawa a kan Dogo. Har ta ji muryarsa a kunnenta.

"Ka ce yana kiran ka?"

"Yana kira."

"To yau kai za ka kira shi. Ka yi magana kamar kullum. Kada ka ce na dawo."

"Uwata, ni ban iya ƙarya ba."

"Kai da ka yi wata da watanni kana Ƙanzo?" in ji Auta.

Baba ya harare ta, amma bai musa ba.

Injiniya ta danna kira ta cikin manhajar zauren, ta buɗe murya yadda kowa zai ji, ta ajiye wayar a kan keken ɗinki. Ta yi ƙara, ta yi ƙara. Auta ta toshe bakinta da gefen mayafi. Har sun fitar da rai, sai aka ɗauka.

"Baba, ranka ya daɗe. Me aka ɗora yau?"

Ba Dogo ba ne.

Muryar ce dai da ta ce mata ɗazu da safe, ni ina tare da ke.

Baba ya kalle ta. Ta yi masa alama da hannu ya ci gaba.

"Wake ne," Baba ya ce. "Ya ƙi nuna."

"Sai haƙuri, wake ba ya son gaggawa. Dama ina son kiran ka, Baba. Akwai ɗan abin da nake so ka yi min. Hirar nan tamu ta yi yawa, tana cika maka waya. Zan nuna maka yadda za ka share ta. Ludayi tana gida?"

Baba ya buɗe baki, ya rufe. Ya sake buɗewa.

Injiniya ta ɗauki wayar.

"Tana gida, Oga."

Ba a ji komai ba sai ƙarar fankar ofishinsa. Ta san fankar, a ƙarƙashinta ta zauna ɗazu tana rantsuwa.

"Injiniya," ya ce a ƙarshe, ba ko rawar murya. "Ashe kin isa lafiya."

"Kai ka ba ni aikin ranar. Kai ka zaɓi lokacin."

"Ni na ba ki aiki, wannan gaskiya ne. Aikina ke nan."

"Na karanta komai."

"Me kika karanta? Duba da kyau."

Ta janye wayar daga fuskarta. A gaban idonta saƙonnin Mai Ɗanɗano ke ɓacewa, daga ƙasa zuwa sama, ɗaya na bin ɗaya. Ta kai yatsa za ta ɗauki hoton allon, wayar Baba ta tsaya tana tunani irin na tsofaffin wayoyi. Kafin ta farfaɗo, babu abin da ya rage sai saƙonnin Baba shi kaɗai, da hotunan teburinta a jere, kamar mutumin da ya daɗe yana leƙen asirin 'yarsa yana aika wa wani.

"Yanzu ki saurare ni," Oga ya ce. "Hannun da ya ɗauki hoton, na mahaifinki ne. Wayar da ta saka shi a zaure, tasa ce. Kwamiti ba ruwansu da wake ko shinkafa, 'yan sanda za su miƙa wa. Idan kika shigo gobe kika ce sakacinki ne, kika sa hannu kika tafi salin alin, magana ta mutu, babu mai jin sunan Baba. Idan kuwa kika ambace ni, ki tanadar masa tabarma da maganin gwiwa, don can babu kujera."

Auta ta fara kuka mara sauti.

"Kina ji na, Injiniya? Ke ko shi. Ina son amsa kafin in tashi daga ofis."

Injiniya ta buɗe baki. Ta riga ta san abin da za ta ce, kuma ta san daga shi sana'arta ta ƙare.

Hannun Baba ya sauka a kan nata, ya zare wayar. Ya cire tsumman daga kafaɗarsa ya ajiye a kan keke.

"Yaro," ya ce, "kada ka tashi. Zauna nan inda kake, ga ni nan tafe."

Ya juya ga ƙaramar.

"Auta, kashe min wuta a kicin. Ki miƙo min hulata."